Sunaye Biyu a Allon Gidan Bammi

Tun ranar da aka kawo mini hoton nan na kasa zama wuri ɗaya. In ina shago ina auna wa mutum atamfa, sai in manta yadi nawa ya ce. In na koma gida na ɗora tukunya, sai in tsinci kaina tsaye a ƙofa ina kallon titi kamar mai jiran baƙo. Maigidana ya ce ko zazzaɓi ne ke son kama ni. Ba zazzaɓi ba ne. Kakata ce, Hajiya Azumi, wadda ta rasu tun kafin in yi haihuwar fari, ta dawo ta tsaya mini a rai.

Wata mata ce ta kawo shi, 'yar Asante, sunanta Afiya, daga unguwar Atonsu a nan Kumasi. Ta same ni a shago da hantsi, ta gaishe ni da Tuwi, harshen Asante, ta tambaya ko ni ce jikar Azumi. Haka ta faɗa, Azumi gatsal, babu Hajiya. Har na fara ɗaure fuska, sai ta zaro hoton daga jaka ta ajiye a kan atamfar da ke gabana.

Tsohon hoto ne, irin baƙi da farin nan da ya tsufa ya koma ruwan ƙasa. Wani gida ne mai rumfar kwano a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Maza sun cika bencina, wasu sun yafa zane a kafaɗa, ɗaya da hular ma'aikatan reluwe, kowa riƙe da ƙoƙo, ga manyan tuluna jere a jikin bango. Ba sai an gaya wa ɗan Kumasi abin da ake sha a irin wannan rumfa ba: gidan bammi ne. A tsakiyar ƙofa mata biyu ne tsaye. Ɗaya ƙatuwa, ta riƙe ƙugu, tana dariya har da wushirya. Ɗayar siririya, ta ɗaura ɗankwali har goshi, da tsaga ɗaya a kuncin hagu, ba ta dariya, ga ƙafar jariri ta leƙo ta ƙarƙashin hammatarta. A saman kawunansu akwai allo da sunaye biyu: Akosuwa da Azumi.

Na san tsagar nan. Na sha bin ta da yatsa ina yarinya, Kaka tana buge mini hannu.

Afiya ta ce mai ƙibar kakarta ce, Mame Akosuwa, kuma Allah ya yi mata rasuwa bayan ta daɗe a duniya har ta ga tattaɓa kunne. Ta ce su biyun nan tare suka mallaki gidan, rabi da rabi. Za su buga hoton a ɗan littafin da suke rabawa a wurin jana'iza, kuma danginsu na so gidan Azumi su zo su zauna a sahun 'yan uwa, a kira sunansu a lasifika, don a wurinsu wanda ka ci daga tukunya ɗaya da shi ba baƙo ba ne. Na ce yaya aka yi suka gano mu. Ta ce, "Mame ta san gidanku tuntuni. Ta sha wucewa ta ƙofar, ba ta dai shiga ba."

Da yamma na kai wa yayana hoton. Malam Awudu shi ne babba a gidanmu tun da mahaifinmu ya rasu, kuma shi ke riƙe da makarantar Islamiyyar da ya sa wa sunan Kaka. Ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya sake sawa. Sannan ya kife hoton a kan tabarma.

"Ramatu, a bar kaza cikin gashinta," in ji shi. "Matar da ta je Makka da kuɗin guminta, yara suna karatu da sunanta, ki ce in je in zauna a kira ta mai gidan giya a gaban jama'a? Gobe wa zai kawo mini ɗansa? Su buga abin da za su buga, mu ba mu sani ba."

Ban yi masa gardama ba, abin da ba halina ba ne, don ni a gidanmu aka sani da baki. Gaskiya ce yake da ita ta wani ɓangaren, unguwarmu ta Zongo ba ta mantuwa, kuma ba ta rufe baki. Amma da ya ce mu ba mu sani ba, sai na ji wani abu ya soke ni, domin mun sani. Ni da shi mun ji labarin nan ya fi a ƙirga, muna zaune a gindin murhu.

Kaka wache take sayarwa, wato shinkafa da waken nan namu da ake dafawa da karan dafi har su yi ja. Da yake da sassafe ake fita da shi, tun bayan sallar isha'i take hura wuta a tsakar gida ta ɗora waken. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, akwai Dagombawa, akwai Mosawa, akwai mu, kuma hayaƙin murhun Kaka ne kaɗai abin da sauro ke jin tsoro, saboda haka duk yaran gidan nan muke taruwa. Wani ya kawo gwangwani ya zauna, wani ya kife turmi. Awudu, da yake ya girme mu, shi ke kan kujerar tsuguno, yana yi mana kallon yara. Ni kuwa kullum a jikin Kaka nake, ina tsokanar wuta da tsinke, tana cewa, "Ramatu, ka zauna wuri ɗaya, ka cika ƙiriniya paa."

Ita ma ba ta iya zama ba, a wurinta na gado. Ban taɓa ganin Kaka ta ba da tatsuniya a zaune daga farko har ƙarshe ba. Za ta fara, ta miƙe ta juya wake, ta dawo, ta tura itacen da bai nemi a tura shi ba, ta je ta leƙa zaure, ta dawo ta ce, "Ina muka tsaya?" In za ta fara sai ta ce, "Ga ta nan a bakin zaure." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, akwai wuri." Tana da na Gizo, tana da na kura da ɗan akuya, muna dariya har maƙwabta su yi tsawa. Amma akwai guda ɗaya da ba ma roƙo, ita ke kawo ta da kanta, galibi in hadari ya haɗu ana walƙiya ta wajen unguwar Manhyia. Ita ce tatsuniyar Baƙo da Mai-rijiya.

Wai wani Baƙo ne ya taso daga arewa shi da abokin tafiyarsa, suna bin hanyar fataken goro. Suna dab da shiga babban garin kurmi abokin ya kwanta ciwo, ya mutu, ya bar shi da jariri. Baƙo ya goya jariri ya shiga gari.

A nan Awudu ba ya taɓa haƙuri. "Kaka, namiji da goyo?"

"Kai ke ba da labarin ko ni?" in ji ta. "A tatsuniya har kura yana salla. Ka rufe baki."

Baƙo ya nemi unguwar masu jin harshensa, ya yi sallama a gidan dangin abokinsa. Suka ce maigida ba ya nan, ya dawo gobe. Ya dawo gobe, suka ce ɗakin baƙi yana yoyo. Wani gidan ma ba a bar shi ya gama sallama ba, aka miƙo masa ɗumamen tuwo aka tura ƙyaure. Sai ruwa ya kece, irin ruwan garin nan da ba ya sallama. Baƙo ya yi ta tafiya, jariri ya yi kuka har ya daina, kuma Kaka takan ce daina kukan ya fi kukan ban tsoro. A can bayan gari ya ga fitila a wani gida. Kowa ya san gidan, domin akwai rijiya a cikinsa, wadda duk wanda ya sha ruwanta sai ya manta hanyar gidansu. Mutanen kirki ba sa bi ta wurin. Baƙo ya tsaya a ƙarƙashin rumfa don ruwa ya tsagaita, sai Mai-rijiya ya fito, ƙato, muryarsa kamar ganga. Bai tambaye shi sunansa ba, bai tambaye shi garinsu ba. Ya kwance jaririn daga bayansa, ya goge shi da zanen jikinsa, ya kai shi kusa da wuta.

Da gari ya waye Mai-rijiya ya ce yana neman mai taya shi jan guga. Baƙo ya ce shi ba ya shan wannan ruwa, a garinsu haramun ne. Kaka takan buɗe murya a nan kamar ta Mai-rijiya, ta riƙe ƙugu: "Wa ya ce ka sha? Ka ja kawai. Cikin yaro bai san garinku ba."

Baƙo ya ja guga shekara da shekaru, ko ɗigo bai taɓa kai wa bakinsa ba. Yana da ido, ya san wanda ya sha ya isa, ya ƙwace ƙoƙon ya kora shi gida tun bai manta hanya ba. Gida ya bunƙasa, har Mai-rijiya ya ɗauko igiya ya gitta ta a bakin rijiyar ya ce, nan nawa, nan naka. Ana nan yaro ya isa shiga makaranta. Baƙo ya kai shi wurin malami, malami ya shinshina ya ce ba ya karɓar yaro mai warin rijiya. Baƙo bai yi barci ba. Kafin Mai-rijiya ya tashi ya tattara kayansa ya koma unguwar masu harshensa, kuma da yake yanzu yana da abin hannu, sai ga shi ɗakin baƙi ya daina yoyo.

Wata rana, bayan yaro ya yi nisa a karatu kuma mutane sun fara gaishe da Baƙo da girmamawa, yana tafe a kasuwa tare da manyan unguwa, sai ya ji an ƙwala masa kira daga tsallaken layi. Muryar nan ba ta ɓuya. Aka sake kira. Baƙo ya sunkuya yana taɓa tumatir, yana tambayar nawa nawa ne, har muryar ta gaji ta yi shiru.

To daga nan ne tatsuniyar ba ta da ƙarshe tsayayye, kuma abin yana ba ni haushi ƙwarai. Wani daren Kaka ta ce Baƙo ya koma ya tarar rijiya ta ƙafe, ciyawa ta rufe ƙofa. Wani daren ta ce ya kama hanya zai koma, sai aka kira salla, ya ce bari sai gobe. Sau da yawa kuwa ba ta ƙarasa ba, sai ta miƙe ta buɗe tukunya, tururi ya rufe mata fuska, ta ce wake ya nuna, kowa ya tafi ya kwanta. Na taɓa riƙe mata zane na ce sai ta gaya mini wa ya yi laifi, Baƙo ko Mai-rijiya. Ta dube ni ta ce, "Na ajiye a nan, mai so ya ɗauka."

Awudu ya ɗauka tun a lokacin. A wurinsa darasin a fili yake: kada ka kusanci mugun wuri, ko da ba za ka sha ba, warin zai bi ka. Ni ma haka na riƙe, don ya fi sauƙi, kuma ya yi daidai da abin da ake koya mana a makaranta.

Abin da ya ɓatar da mu ƙaramin abu ne, har kunya nake ji in faɗa. Kaka ba Bahaushiya ba ce ta haihuwa, daga wajen Salaga take, a Zongo ta ƙarasa koyon Hausa. Hausar Zongo kuwa, kamar yadda kowa ya sani, ba ruwanta da mace ko namiji. Mace ya zo, yarinya ya tafi, kaza ya yi ƙwai. Mahaifinmu yana alfahari da cewa kakanninsa daga Kano suka zo, yakan gyara mana magana har da carbi a ka, amma bai taɓa gyara wa uwarsa ba. Mu da aka koya wa bambanta ya da ta, sai muka saurari Kaka da kunnen da ba nata ba. Ta ce Baƙo ya goya jariri, muka ga namiji mai gemu da sanda. Ta ce Mai-rijiya ya riƙe ƙugu, muka ga ƙaton dodo. Ita kuwa mata biyu take nufi, kuma da bakinta na kullum take faɗa, ba ta sauya ko harafi ba. Abokin tafiyar da ya mutu kakanmu ne. Ƙafar nan da ta leƙo a hoto, ƙafar mahaifinmu ce, malamin da Zongo ta yi wa sahu har titi ranar da ya rasu.

Da na gane haka sai na ji haushin kaina, na ji haushin Kaka, na ji tausayinta, duk a haɗe. Tsohuwa tana tsaye a kan wuta tana gaya wa jikokinta abin da ya hana ta sukuni, mu muna jiran inda kura za ta fito. Wataƙila so take wani a cikinmu ya ce, Kaka, tashi mu je. Daga gidanmu zuwa inda Mame take, kuɗin mota ɗaya ne.

Ban gaya wa Yaya Awudu ba na shiga torotoro, motar hayar nan tamu, na tafi Atonsu. Na ce ko ba komai in yi gaisuwa a ɓoye, tun kafin ranar taro, in ba su haƙuri. A hanya sau biyu ina cewa yaron mota ya sauke ni, in ya buga ƙofa kuma in ce a'a, mu je. Wata mata da ke kusa da ni ta ce da Tuwi, "'Yar uwa, in ba ki san inda za ki ba, mu mun sani."

Gidan cike yake da mata, ana ta shirye-shirye. Suka ba ni kujera, suka ba ni ruwa, suka tambaye ni abin da ke tafe da ni kamar yadda al'adarsu take, ko da sun sani. Na fara kame-kame, ina neman yadda zan ce ba za mu zo ba. Afiya ta katse ni, ta ce kafin nan akwai abin da take so in taimake ta da shi. Ta ce a ƙarshen rayuwarta Mame ta rikice, ta manta sunayen 'ya'yanta, har Tuwi ma ya gudu daga bakinta. Abin da ya rage mata wani harshe ne da ba wanda ke ji a gidan, sai dai sun gane Hausa ce, kuma suna jin sunan Azumi a ciki. Magana ɗaya take maimaitawa, musamman in rana ta karkata. Sun ɗauka a waya, sun ce ba za su kai wa kowa ya fassara ba sai jinin mai sunan.

Ta danna wayar ta miƙo mini. Da farko numfashi kawai nake ji, da ƙarar fanka. Sai ga muryar tsohuwa, ta dushe, babu haƙora, amma da irin karin Kaka sak, yadda take jan ƙarshen magana:

"Azumi. Kawo yaro. Ka je ka yi salla, rana ya yi."

Sannan ta sake. "Kawo yaro na riƙe. Ka je ka yi salla."

Matan duk sun zuba mini ido. Afiya ta ce, "Me take cewa? Faɗa take yi mata?" Na buɗe baki in fassara, Tuwin da nake ciniki da shi kullum ya ƙi fitowa. Kuka na yi, irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da Kaka. Sai da wata tsohuwa ta dafa ni sannan na iya gaya musu, su ma suka kama.

Na roƙi Afiya ta turo mini muryar. Daga tasha ban biya gida ba, makaranta na wuce. Na tarar an tashi yara, Yaya Awudu yana naɗe tabarmi. Na danna na ajiye wayar a kan benci. Ya saurara a tsaye da tabarma a hannu. Da ta ƙare ya ce in sake. Na sake.

"Wace ce wannan?" in ji shi, ko da yake ya sani.

Na ce, "Wadda ta riƙe Baba ce."

Ya zauna. Ya daɗe yana kallon allon da ke jikin bango. Ni kuma, da yake bakina ba ya haƙuri, na ce masa duk sallar da Kaka ta yi a shekarun nan, da wannan matar aka yi ta, kuma in yana jin kunyar a kira sunan Kaka a gefen nata, to ni zan je in amsa, Zongo ta faɗi abin da za ta faɗa. Ya ɗaga mini hannu.

"Ki bar ni haka, Ramatu. Ni ba zan zauna inda ake zuba wa kakanni giya a ƙasa ba, kin sani." Ya murza goshi. "Ki tambaye su lokacin da suke gama wannan. In an gama, ki kira ni."

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba, kuma na san abin da zuwan zai jawo masa. Akwai iyayen da za su janye 'ya'yansu, akwai masu wa'azin da za su sami abin faɗa ranar Juma'a. Ba na ganin laifinsa in ya ji tsoro, Kaka ma da ta fi mu ƙarfin zuciya ta ji.

Yanzu in na tuna tambayar da na yi mata, wa ya yi laifi, sai in ga ashe tambayar yara ce. Kaka ba ta yi nadamar barin gidan bammi ba, ta bar shi don ɗanta, kuma da za a sake da haka za ta yi. Ba ta kuma yi nadamar shigarsa ba, don da ba ta shiga ba da babu ɗan. Abin da ya hana ta zama a gindin murhu har ta koma ga Allah, kiran nan ne na kasuwa da ba ta amsa ba. Mutum yana iya barin wuri don tsoron Allah, amma kau da kai daga wanda ya rufa maka asiri, wannan tsoron mutane ne, kuma ita ta san bambancin ko da ba wanda ya gaya mata.

Ranar Asabar za a yi jana'izar. Afiya ta ce in mai lasifika ya zo kan sahun 'yan uwa, zai kira gidan Azumi, ya dakata kaɗan ya ga ko akwai wanda zai miƙe. Na riga na gaya mata akwai.